Mari Ba Ya Raba Mashayi da Giya

A yankin noma na kudancin Jihar Katsina, daga Gozaki da sauran garuruwan ƙaramar hukumar Kafur zuwa Malumfashi da Funtuwa, matsalar shan giya takan fi fitowa fili bayan kaka, lokacin da kuɗin masara da dawa da waken suya suka shiga hannu, aikin gona kuma ya tsagaita. Tun da aka fara aiki da Shari'a a jihar a shekarar 2000, mai shan burukutu ko giyar kwalba ya koma sha a ɓoye, iyalinsa ma suka taya shi ɓoyewa, har sai abin ya kai ga sayar da taki ko jinginar da gona kafin a yarda cewa akwai ciwo a gida.

Abin takaici shi ne matakin da dangi kan ɗauka idan haƙurinsu ya ƙare, wato kai mutum gidan mari, inda ake sa masa ƙarfe a ƙafa a haɗa masa da bulala da yunwa da sunan gyaran hali. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga irin wannan gida a unguwar Rigasa ta Kaduna, a watan Oktoba kuma aka gano wani a Daura, kuma da yawa daga waɗanda aka ceto 'yan uwansu ne suka kai su da hannunsu, har suna biyan kuɗi. Wannan ganganci ne, domin wanda jikinsa ya daɗe da sabawa da giya idan aka yanke masa ita farat ɗaya yakan kamu da karkarwa da gumi cikin yini guda, bayan kwana biyu ko uku kuma yana iya shiga gane-gane da farfaɗiya, abin da kan kai ga mutuwa idan ba likita a kusa. Ko ya tsira, ranar da aka kwance shi majalisar da ya bari ita zai tarar, kuma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Abin da mai son tuba ya fi rasawa shi ne sababbin abokan zama, kuma wannan giɓin ne taron taimakon juna yake cikewa. Taro ne na mutanen da suka sha fama da giya da kansu, waɗanda ke haɗuwa mako-mako, kowa ya faɗi halin da yake ciki ba tare da an yi masa gori ba. Fitacciyar ƙungiya a wannan fanni ita ce Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba sa bayyana sunayensu, wadda Bill Wilson da likita Bob Smith suka kafa a garin Akron na Amurka a 1935. Ba a biyan kuɗin shiga, sunan yanka kaɗai ake ambata, kuma sabon shiga yakan sami wanda ya riga shi dainawa ya zama jagoransa, wanda zai kira duk lokacin da jaraba ta motsa. Wata bitar bincike 27 da cibiyar Cochrane ta wallafa a 2020 ta nuna cewa wannan hanya ba ta gaza sauran hanyoyin ba da shawara ba, takan ma zarce su wajen ɗorewar daina sha.

Irin waɗannan tarurruka sun fi samuwa a manyan birane kamar Legas da Abuja, wasu kuma ana yin su ta wayar hannu, saboda haka mutumin Gozaki zai fara ne daga asibiti. Sai ya ga likita a babban asibitin Malumfashi ko na Funtuwa, ya faɗi gaskiyar yawan abin da yake sha, ya nemi a tura shi sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ya kuma tambayi ma'aikatan wurin inda masu murmurewa ke haɗuwa. Hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wadda aka kafa a 1989, tana da masu ba da shawara baya ga masu kame. Inda babu taro a kusa, mutum uku ko huɗu sun isa su fara nasu, da sanin wani ma'aikacin lafiya da goyon bayan limami.

Sharaɗin da ba a wasa da shi shi ne rufin asiri, domin a garin da kowa ya san kowa, tsegumi ɗaya a wurin mai shayi ya isa ya watsa taro. Haka kuma wanda ya zame ya sake sha ba korarsa ake yi ba, ana jawo shi ne ya dawo zama na gaba. Ya kamata iyaye da matan aure da masu unguwanni su daina biyan kuɗin mari, su kashe shi a kuɗin motar zuwa asibiti, su kuma kame bakinsu game da wanda suka gani ya nufi wurin taro.