Mai keke: faci da faɗuwa ba sa hana isa

Akwai tseren keke da ake yi a daji, kan duwatsu da gangare. Ya shiga wasannin Olamfik a 1996, a birnin Atlanta na Amurka. Dokarsa a lokacin ita ce: wanda tayarsa ta fashe, shi zai gyara da hannunsa, ya ci gaba.

Mu ma a Diffa wannan doka ta shafe mu. Daga gari zuwa gonakin tattasai na bakin Komadugu, hanya rairayi ce da ƙaya, ba mai faci a kusa. Da aka hana hawan babur a 2015 saboda rashin tsaro, keke ya ƙara daraja.

Saboda haka mu shirya tun daga gida. Mu ɗauki famfo, da roba da gam na faci. A rairayi mai laushi mu rage iskar taya kaɗan, don kada ta nutse. Mu fita da asuba, musamman a watannin Afrilu da Mayu. Mu riƙa shan ruwa tun ƙishirwa ba ta kama mu ba.

Idan mun faɗi, mu wanke ciwon da ruwa mai tsabta da sabulu. Kada mu zuba ƙasa ko toka, domin suna sa ciwo ya ruɓe. Wanda ya bugi kai, yana amai ko jiri, kada ya sake hawa. A kai shi likita nan take.

Sauranmu kuwa mu huta a inuwa, mu duba birki, sannan mu kama hanya a hankali.