Da Tsohuwar Zuma Ake Magani: Matsayin Daɗaɗɗen Abu a Tunanin Bahaushe

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai, musamman Faransa, akwai al'adar ajiye giyar inabi shekaru masu yawa, ba a buɗe ta sai ranar wani babban biki. Kowace kwalba tana ɗauke da shekarar da aka tsinki inabinta. A shekarar 2018 an yi gwanjon kwalba ɗaya ta Romanée-Conti, 'yar 1945, a birnin New York a kan dalar Amurka 558,000. Bahaushen Zamfara ba shi da wannan al'ada, domin Musulunci ya haramta giya, kuma tun shekarar 2000, zamanin Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura, dokar jiha ta hana sayar da ita. Amma tunanin cewa daɗewa tana ƙara wa abin sha daraja ba baƙo ba ne gare shi. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa a kan zuma Bahaushe ya ɗora wannan tunani.

2.0 Sabuwa da Tsohuwa

Harshe ya bambance iri biyu. Akwai zuma farar saƙa, wato sabuwa wadda ake sha domin daɗi, har ake kwatanta abin ƙauna da ita. Akwai kuma tsohuwar zuma, wadda ta yi duhu da kauri. Wannan ba a shan ta don marmari. Ana ɓoye ta a tulu ko gora, sai ranar gyaran amarya, ko jinyar tari da ƙuna, ko saukar baƙo mai daraja.

Masana kimiyya sun bayyana dalilin daɗewarta. Ruwan da ke cikin nunannar zuma bai cika wuce kashi 18 cikin ɗari ba, ga ta kuma da ɗan tsami, saboda haka ƙwayoyin cuta ba sa yaɗuwa a cikinta. Sai dai sun nuna cewa zafi da tsawon ajiya suna rage wasu sinadaranta. Ke nan tsufa ba ya ƙara mata ƙarfin magani. Abin da yake yi shi ne shaida, domin wadda aka tsarma da ruwa takan yi kumfa ta lalace, ta ƙwarai ce kaɗai ke shekara. Nan ne karin maganar ya sami gindin zama, shi ya sa ake faɗinsa game da dattijo, ko tsohon amini, ko uwargida.

3.0 Halin da Ake Ciki

Zuma ba ta samuwa sai da itace, domin a kan ɗorawa da tsamiya da gawo ake ɗora amya. Lokacin da aka gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, wadda aka kammala a 1978, an share gonaki da itatuwa masu yawa a ƙasashen Maradun da Talata Mafara da Bakura domin noman rani. Bayan haka ga saran itace don girki, ga kuma rashin tsaro da ya hana shiga daji.

4.0 Kammalawa

Yaron da bai taɓa ganin an fasa tulun zuma ba zai iya haddace karin maganar, amma ba zai san inda ya dosa ba. Ya kamata ɗaliban al'ada su tattara kalmomin wannan sana'a daga bakin masu amya tun suna raye.