Ranar da Ma'aikaciyar Jin Daɗin Jama'a Za Ta Shigo Gidanku

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da wuya ka shiga gida ka rasa ɗan wa ko 'yar ƙanwa da ake riƙo, ana ciyar da shi ana biya masa makaranta, in ya girma ya koma wurin iyayensa. Amma ɗaukar yaro ta hannun kotu, ya zama naka har abada, ya amsa sunanka ya kuma ci gadonka, wannan wani abu ne dabam, kuma ba a yin sa sai hukuma ta turo ma'aikacinta ya duba gida da masu gidan. Wannan ziyara ita ce ke faɗar wa ma'aurata da yawa gaba, musamman waɗanda suka daɗe suna jiran haihuwa har gorin mutane ya ishe su.

Doka irin wannan ba ta daɗe da zuwa Arewa ba. Tsohuwar Jihar Gabas ta yi tata a 1965, Legas kuwa a 1968. Sai a 2003 Gwamnatin Tarayya ta kafa Dokar 'Yancin Yara, jihohi kuma suka riƙa yin nasu, kamar Filato da ta yi a 2005. Dokokin jihohin ba bakinsu ɗaya ba, saboda haka kafin kome sai ku je sashen jin daɗin jama'a na jiharku ku ji abin da tata dokar ta tanada.

A dokar tarayya, mata da miji sai kowannensu ya kai shekara 25. Wanda ba shi da aure sai ya kai 35, kuma namiji yaro zai ɗauka, mace yarinya. Ana son mai nema ya girmi yaron da shekara 21, ya kuma yi shekara 5 yana zaune a jihar. Sai an sanar da ma'aikacin jin daɗin jama'a wata 12 kafin kotu ta yanke hukunci, yaron kuma ya yi wata 3 a jere a hannunku. Takardun ba su da yawa: ta aure, ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, hotuna, da shaidar lafiya daga asibitin gwamnati. In takardar aurenku ta ɓace, ku nemi ta rantsuwa tun yanzu, kada sai ranar ta zo ku shiga tone-tonen akwati.

To, me ma'aikaciyar za ta duba? Za ta ga inda yaro zai kwana, da ruwan da kuke sha, da bayan gida. In akwai rijiya a tsakar gida, tana da murfi? Ina ake ajiye kananzir da maganin ɓera? Za ta tambayi abin da kuke samu a wata, da nisan asibiti da makaranta. Manomi ko mai sayar da hatsi a kasuwa kada ya ji kunya don ba shi da albashi. Ya faɗi abin da yake samu yadda yake. A share gida, wannan daidai ne. Amma aro kujeru da talabijin daga maƙwabta wahalar banza ce, don wadda ta saba shiga gidaje ba ta rasa gane kayan aro, kuma za ta sake dawowa.

Abin da ya fi ɗaki da kujera nauyi shi ne tambayoyi. Ana iya keɓe maigida a tambaye shi, a keɓe uwargida ita ma. Wa ya fara kawo maganar? Ɗayan ya yarda da zuciya ɗaya, ko don a zauna lafiya ne ya yi shiru? In Allah ya ba ku haihuwa bayan shekara biyu, ina matsayin wannan yaro? Ba amsar da aka haddace ake nema ba. Matar da ta ce har yanzu rashin haihuwa yana yi mata zafi, amma ta zauna da mijinta sun yi magana sun tsai da shawara, ta fi wadda ta ce ita ba ta taɓa damuwa ba.

Sai batun dangi, inda a ganina nan ne yawancinmu muke kasawa. A doka, da zarar kotu ta yanke hukunci, yaron ya zama kamar ku kuka haife shi, har a wajen gado. Amma takardar kotu ba ta zama a taron rabon gado ta yi magana. In uwar miji ba ta sani ba, in 'yan'uwan maigida suna kiransa ɗan tsintuwa a bayan ido, ranar da maigida ya rasu su ne za su ce gona da gida na jini ne. Don haka ku zauna da iyaye da manyan dangi tun kafin ziyarar, ku gaya musu a fili. In akwai wanda ya ƙi, kada ku ɓoye wa ma'aikaciyar. Ku faɗa mata, ku kuma faɗi yadda kuka shirya kāre yaron, misali ta rubuta wasiyya. In an nemi wanda zai shaide ku, fasto ko dattijon ikilisiya, ku zaɓi wanda ya san zamanku da gaske, ba mai babban suna kawai ba.

Za a kuma iya tambayarku ko za ku gaya wa yaron asalinsa. Da yawa sukan so su rufe. A unguwa irin tamu kuwa, inda kowa ya san matar da ta yi ciki da wadda ba ta yi ba, wata rana a bakin famfo ko a filin ƙwallo wani zai faɗa masa da baƙar magana. Gara ya ji daga bakinku, da kaɗan-kaɗan, tun yana ƙarami.

Akwai masu cewa wannan hanya ta yi tsawo, su je wurin wanda zai kawo jariri a ɓoye a biya shi, har wata ta ɗaura tsumma a ciki wata tara. Dokar 2003 ta hana bayarwa ko karɓar kuɗi don a sami yaro, laifi ne da ke kai mutum gidan yari, kuma mai yiwuwa jaririn sato shi aka yi, uwarsa tana can tana nema. Duk kuɗin da za ku biya a ofis ko a kotu, ku karɓi rasit.

Bayan hukuncin kotu ana shigar da sunan yaron cikin rajistar yaran da aka ɗauka, ma'aikata kuma suna da ikon ci gaba da leƙowa su ga yadda yake. Ku yi kwafin takardar kotun, ku ajiye ɗaya a gida, ɗaya kuma a hannun wani amintacce daga dangin uwargida.