Rikici Tsakanin Ma'aikatan Asibiti: Abin Da Binciken Ƙwaƙwalwa Ya Gano

Duk mai asibitin kuɗi, ko shugaban asibitin gwamnati, ya san abin da yake kashewa a kan magunguna da man janareto da albashin ma'aikata, domin dukkansu suna cikin littafin lissafi. Amma akwai wata asara da ba ta shiga littafin, wato wadda ake tafkawa idan likita da ma'aikaciyar jinya ba sa ga maciji da juna, ko kuwa idan ƙaramin ma'aikaci ya hango kuskure ya ja bakinsa ya yi shiru don gudun tsawa. Binciken da masana ƙwaƙwalwa suka gudanar ya nuna cewa irin wannan zaman doya da manja yana rage wa ma'aikaci ƙarfin tunani a daidai lokacin da majinyaci ya fi bukatarsa.

A shekarar 2015, mujallar likitocin yara ta Amurka mai suna Pediatrics ta buga sakamakon wani gwaji da Dokta Arieh Riskin da abokan aikinsa suka yi a Isra'ila. An tara ƙungiyoyi 24 na likitoci da ma'aikatan jinya masu kula da jarirai bakwaini, aka ba kowace ƙungiya mutum-mutumin jariri a matsayin majinyacin da jikinsa ke rikicewa. An shaida musu cewa wani ƙwararre daga waje yana kallon aikinsu. Ga wasu ƙungiyoyin ya yi magana ta ladabi, ga wasu kuwa ya jefa kalaman raini. Alƙalan da suka auna aikin ba su san wa aka raina ba, amma duk da haka ƙungiyoyin da aka raina su suka fi samun ƙarancin maki wajen gano cutar da kuma yin magani. Ilminsu bai ragu ba. Abin da ya ragu shi ne yadda suke sanar da juna abin da suka gani, da yadda suke neman taimakon juna.

Dalilin haka yana cikin ginin ƙwaƙwalwa. Akwai wani ɗan ƙaramin sashe da ake kira amigdala, wanda ke da hannu wajen hango haɗari. Da zarar ya ji barazana, sai jiki ya saki sinadaran adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, mutum ya shirya faɗa ko gudu. Sashen gaban ƙwaƙwalwa kuwa, wanda ke bayan goshi, shi ke riƙe bayanai da auna shawara da danne fushi. Farfesa Amy Arnsten ta Jami'ar Yale ta daɗe tana nuna cewa matsin lamba, ko da bai yi tsanani ba, yana raunana aikin wannan sashe cikin hanzari. Ke nan nas ɗin da aka daka wa tsawa a gaban jama'a za ta koma lissafin awon magani da raunanan tunani.

Haka zalika, ba sai an zare wa mutum wuƙa ba kafin ƙwaƙwalwarsa ta ji barazana. A shekarar 2003, Naomi Eisenberger da Matthew Lieberman na Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna wasan jifan ƙwallo a kwamfuta, sa'an nan aka daina jefa musu. Sassan da suka motsa a lokacin da aka ware su sun haɗa da wanda ke motsawa idan mutum yana jin zafin ciwo. A cikin wannan shekara kuma, Alan Sanfey da abokansa a Jami'ar Princeton sun gwada rabon dala 10 tsakanin mutum biyu, inda suka ga cewa mutane kan ƙi karɓar kason da suke ganin an cuce su, ko da ƙin zai sa su tashi a tutar babu.

Ga kuma rashin barci, wanda ya zama ruwan dare a aikin asibiti. Binciken da aka yi a ɗakin gwajin Matthew Walker a shekarar 2007 ya gano cewa amigdalar waɗanda suka yi kimanin sa'o'i 35 ba barci ta fi ta waɗanda suka huta zabura da wajen kashi 60 cikin 100 idan aka nuna musu hotuna masu tayar da hankali. Tun a 2003 hukumar da ke kula da horar da likitoci a Amurka ta ƙayyade aikin likitoci masu neman ƙwarewa zuwa sa'o'i 80 a mako.

Waɗannan abubuwa biyu, wato matsayi da adalci, su ne ƙashin bayan taƙaddamar da aka daɗe ana yi a Nijeriya tsakanin ƙungiyar likitoci ta NMA da haɗaɗɗiyar ƙungiyar sauran ma'aikatan lafiya ta JOHESU, a kan bambancin tsarin albashi da kuma wanda ya cancanci shugabancin asibiti. A 2013 Gwamnatin Tarayya ta kafa kwamiti ƙarƙashin Alhaji Yayale Ahmed don duba dangantakar ɓangarorin, amma a 2018 sai da JOHESU ta yi yajin aiki na kimanin mako shida. Abin da ake ja a kansa a teburin sulhu yakan biyo ma'aikata har cikin ɗakin tiyata.

To, me shugaban asibiti zai iya yi? Mataki na farko shi ne ya mayar da yin magana ƙa'idar aiki, ta yadda ƙarami ba zai bukaci jarumtaka ba kafin ya buɗe baki. Takardar binciken tiyata da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 ta tanadi cewa kafin a fara yanka, kowa ya faɗi sunansa da aikinsa, kuma a tambayi kowane ɓangare abin da yake tsoro. Da aka gwada ta a asibitoci takwas, ciki har da na Ifakara a Tanzaniya, mace-mace sun sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100.

Na biyu, a daina ɗaukar yawan rahoton kuskure a matsayin alamar lalacewa. Farfesa Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta gano a 1996 cewa sassan jinya masu kyakkyawan shugabanci sun fi kawo rahoton kurakuran magani, domin ba sa tsoron faɗa. Sashen da ya yi tsit shi ne abin dubawa.

Na uku, a lura da lokaci da wuri. Gyara a gaban majinyaci ko ƙananan ma'aikata tozartawa ne, kuma sulhun da aka kira bayan aikin dare da wuya ya haifi ɗa mai ido. Idan an zauna, mai sulhu ya bar kowa ya ambaci abin da yake ji, domin wani binciken Lieberman na 2007 ya nuna cewa sanya wa motsin rai suna yana rage zaburar amigdala.

Sai dai kuma ya kamata 'yan kasuwa su yi hattara da masu tallar kwasa-kwasai masu tsada da sunan kimiyyar ƙwaƙwalwa. Akasarin gwaje-gwajen hoton ƙwaƙwalwa an yi su ne a kan mutane ƙalilan, kuma masana suna jayayya a kan fassarar wasunsu. Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce wadda aka samo daga aikin ƙungiyoyin asibiti kansu. Bugu da ƙari, babu dabarar da za ta kwantar da hankalin ma'aikacin da aka riƙe wa albashi, ko aka tsallake shi wajen ƙarin girma ba tare da bayani ba.

A halin da ake ciki, inda likitoci da ma'aikatan jinya ke ficewa zuwa Ingila da Saudiyya da Kanada, asibitin da ya rasa ƙwararre saboda wulaƙanci zai biya kuɗin neman wani da horar da shi, ga kuma majinyatan da za su bi wanda ya tafi. Tsara jadawalin hutu, bayyana aikin kowa a rubuce, da hana tsawa a bainar jama'a ba sa cin ko kashi ɗaya na wannan kuɗi.