Ƙonewar Himma: Ciwon da Ke Kama Ma'aikaci Mai Ƙwazo



Abin da aka nemi in yi magana a kansa shi ne yadda mutum mai himma, wanda ya sa ci gaba a ransa, zai tsare lafiyar hankalinsa kada aiki ya cinye shi. Kafin mu yi nisa, ya kyautu mu rarrabe gajiya iri biyu. Akwai wadda kowa ya sani, irin wadda manomi yake komowa da ita daga gona, ya ci tuwo ya kwanta, gari ya waye ya tashi garau. Akwai kuma wadda barci ba ya maganinta. Mai irin wannan yakan farka zuciyarsa a cushe tun bai taka ƙofar ofis ba, aikin da a dā yake ɗokinsa ya zame masa tilas. Turawa suna kiranta da wata kalma mai ma'anar ƙonewa ƙurmus. Ni kuwa zan kira ta ƙonewar himma, domin misalinta kamar fitila ce da mai ya ƙare mata, aka ƙi kashe ta, har lagwani ya shiga cin kansa.

Wanda ya fito da batun fili shi ne Herbert Freudenberger, wani masanin halayyar ɗan Adam a birnin New York ta Amurka, cikin wata maƙala da ya buga a 1974. Yana taimakawa ne a wani ɗakin shan magani na kyauta inda ake kula da mashaya ƙwayoyi, sai ya lura da cewa masu aikin sa kai suna zuwa da zafinsu, amma bayan kamar shekara guda sai su yi laushi, su zama masu saurin fushi da yawan ciwon kai. Abin lura a nan shi ne, waɗanda suka fi ba da kansu ga aikin su ne abin ya fi kamawa. Rago ba ya ƙonewa, don tun farko bai kunnu ba.

Daga baya Christina Maslach ta Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, tare da Susan Jackson, suka fitar da ma'aunin gane ciwon a 1981, suka kasa shi gida uku. Na farko ƙarewar ƙarfi. Na biyu bushewar zuciya ga mutanen da ake yi wa aiki, wato inda malamin asibiti zai daina ganin majiyyaci sai lambar gado, akawu kuma ya dubi tsohon da ya zo neman fansho kamar wanda ya zo tsokanarsa. Na uku shi ne mutum ya riƙa jin aikinsa ba ya tsinana kome. A ganina na biyun ne ya fi muni, domin jama'a ne ke shan wahalarsa, kuma sau da yawa abin da ake kira wulaƙancin ma'aikata daga nan ya samo tushe. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana ƙonewar himma cikin kundinta na rarrabe cututtuka, amma ba ta lasafta ta a cuta ba. Ta ce lamari ne da ke tasowa daga matsin wurin aiki wanda ya daɗe ba a shawo kansa ba. Ku riƙe wannan, za mu komo gare shi.

To, me ke faruwa a jiki? Tun 1936 Hans Selye ya nuna, da gwajin ɓeraye a birnin Montreal ta Kanada, cewa jikin da aka matsa yakan bi matakai uku: firgita, jurewa, sa'an nan ƙarewa. In haɗari ya taso, jiki yakan saki sinadarai irin su adirenalin da kotisol, zuciya ta ƙara bugu, sukari ya hau cikin jini, don mutum ya gudu ko ya yi faɗa. Wannan shiri na ɗan lokaci ne. Ma'aikacin da fayil ya taru masa, maigida yana kira, gida kuma ana jiran kuɗin makaranta da na dangi, jikinsa yana cikin wannan shiri dare da rana, ba gudu, ba faɗa, ba hutawa.

Yanzu bari in zo ga binciken da ya fi shafar ma'aikatan gwamnati, ko da yake ciwon zuciya ya bibiya, wanda shi ma matsi ke rura shi. A 1967 aka fara bin lafiyar maza kusan 18,000 da ke aikin gwamnati a Landan, aka sa wa binciken sunan Whitehall, titin da manyan ma'aikatu suke. Abin da mutane suka ɗauka a lokacin shi ne manya, masu ɗauke da nauyin yanke shawara, su ne zuciya za ta fi kayarwa. Sai aka ga akasin haka. Cikin shekara goma, mace-mace tsakanin na can ƙasa, wato masinjoji da masu tsaron ƙofa, ya kusa ninka na manyan jami'ai sau uku. Kuma abin hawa-hawa yake: kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya, ya kasa na sama da shi. Shan taba da hawan jini da makamantansu ba su bayyana ko rabin wannan bambanci ba. Michael Marmot ya jagoranci zagaye na biyu daga 1985, da maza da mata fiye da 10,000, inda aka gano cewa ɗaya daga cikin manyan dalilai shi ne rashin iko a kan aiki. Watau mutumin da ake jibga wa aiki, amma ba shi da ta cewa kan yadda zai yi shi, ko yaushe, ko wanne zai fara, shi ne ya fi shan matsi. Babban sakatare yana da aiki jingim, amma shi ke tsara ranarsa. Ƙaramin akawu kuwa ranarsa a hannun wani take.

Wannan bai wanke yawan sa'o'i daga laifi ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko gwamnatin Ingila ta sa aka auna aikin masu ƙera harsasai, galibinsu mata. Da John Pencavel na Jami'ar Stanford ya sake duban alƙaluman a 2014, sai ya ga abin da aka samar a mako mai sa'a 70 bai fi na mako mai sa'a 56 da wani abin kirki ba, kuma hana hutun rana guda a mako yana rage yawan aikin. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka ƙiyasta cewa mutum 745,000 suka mutu a 2016 ta hanyar shanyewar jiki da ciwon zuciya saboda aikin sa'a 55 ko fiye a mako. Mutanen Japan har suna suka raɗa wa abin, karoshi, ma'anarsa mutuwa saboda yawan aiki, kuma a 2014 suka kafa doka don yaƙi da shi.

Abin da ke hannun mutum kansa ba sabo ba ne, sai dai wuyar yi. Barci shi ne na gaba: baligi yana bukatar aƙalla sa'a bakwai, kuma gwaji ya nuna wanda ya kai sa'a 17 ido biyu kaifin hankalinsa yakan yi daidai da na wanda ya ɗan sha barasa. Ɗalibin da ke kwana karatu da goro da kofi ya san da haka. Hutu kuma ba ya zama hutu sai tunani ya rabu da ofis. Wanda ya tafi hutun shekara da fayil a jaka, waya kuma tana ƙara a aljihu, wurin zama kawai ya sake. Tafiya a ƙasa, ƙailula, zama da iyali da abokai waɗanda ba abokan aiki ba, duk suna da amfani. Manomi ma yakan bar gona saura, ba don ya ƙi ta ba. Amma in baƙin ciki ya bi mutum har gida da kasuwa, abinci ya fita ransa, ko ya fara tunanin cutar da kansa, to, abin ya wuce ƙonewar himma, sai a ga likita ba da jinkiri ba. Kada kuma a nemi ƙarfi daga ƙwayoyi irin su tiramadol. Bashi ne mai kuɗin ruwa.

Sai dai in muka koma ga bayanin Hukumar Lafiya, cewa daga wurin aiki matsalar take tasowa, za mu ga kaso mafi girma na maganin yana hannun shugabanni, kuma da yawa daga cikin ɗaliban da ke zaune a nan gobe su ne shugabannin. Maslach da Michael Leiter sun ambaci wurare shida da ake samun saɓani tsakanin mutum da aikinsa: yawan aiki, iko, sakayya, zaman tare, adalci, da dacewar aikin da abin da mutum ya yarda da shi. Ku dubi adalci kaɗai. A kusan kowane ofis akwai mutum guda da ake tura wa duk fayil mai wuya don an san zai yi, alhali na kusa da shi yana karatun jarida, ranar ƙarin girma kuma a ba su tare, ko ma a ba mai jaridar. Shugaban sashe ba ya bukatar kuɗi kafin ya gyara wannan. Yana iya raba aiki a fili kowa ya gani, ya faɗa wa na ƙasa abin da ake so da ranar da ake so, ya bar masa zaɓin hanya, ya tilasta masa tafiya hutu in lokacinsa ya yi, ya kuma kame hannunsa daga kiran waya bayan an tashi, sai fa in gobara ce. Faransa ta mai da na ƙarshen nan doka wadda ta fara aiki a 2017, inda ta wajabta wa kamfanoni masu ma'aikata 50 ko fiye su zauna da ma'aikatansu su tsara lokutan da mutum ke da 'yancin ƙin amsa saƙon ofis.