Wanke allo: aikin ɓoye da ke sa waya ta cije idan RAM ta cika

A Dutsen Abba, kamar a Tudun Wada da sauran sassan Zariya, duk ranar da wuta ta daɗe ba ta dawo ba, kasuwar mai cajin waya ta buɗe. Mutum zai miƙa wayarsa, a liƙa mata lamba, a ba shi kati mai irin wannan lambar. Shi lamba kawai ya sani. Bai san ko wayar tana soket na sama ba ne ko tana can ƙasan teburi kusa da janareta. Wanda ya san haka shi ne mai shagon, shi ma ko dai ya duba littafinsa, ko kuma ya riƙe a ka.

Abin da mai katin bai sani ba shi ne, wayar da ya miƙa ita ma da irin wannan tsarin take aiki a cikinta, sau miliyoyi a kowace daƙiƙa. Kuma wani ɓangare na cijewar nan da ke ɓata wa matasa rai, a ce mutum ya fita daga TikTok zai shiga WhatsApp sai allo ya tsaya cak, daga nan yake tasowa.

Lamba daban, wuri daban

Babu manhajar da ke taɓa RAM kai tsaye. Android tana ba kowace manhaja adireshin aro, ta bar ta tana zaton ita kaɗai ce a gidan. Ainihin wurin da bayanan suke a cikin RAM kuwa, kanel ne ya san shi, wato zuciyar babbar manhaja, wanda a wayoyin Android shi ne Linux. Dabarar ba sabuwa ba ce, tun kwamfutar Atlas ta Jami'ar Manchester a Ingila, a 1962, ake amfani da ita. Ita ce ke hana manhajar wasa leƙa abin da manhajar banki ta ajiye.

Ana yanka RAM gunduwa-gunduwa, kowace gunduwa ana kiranta shafi, kuma a mafi yawan wayoyin Android girman shafi 4KB ne. Waya mai RAM 4GB ke nan tana da shafuka 1,048,576. Kanel yana riƙe da babban littafi da ke nuna wane adireshin aro ne ya dace da wane shafi. Matsalar ita ce shi kansa littafin a cikin RAM yake, kuma kafin a kai ga amsa sai an bi matakai 3 ko 4. Da a ce furosesa za ta buɗe littafin nan duk lokacin da take son wani bayani, da babu wayar da za ta amsa sunanta.

Shi ya sa aka saka wa kowace ƙwayar furosesa wani ɗan ƙaramin allo mai matuƙar sauri, da ake kira TLB, inda take rubuta amsoshin da ta samo kwanan nan. Shi ne kamar ƙwaƙwalwar yaron shago da ya riƙe cewa lamba 17 tana soket na uku, ba sai ya buɗe littafi ba. Sai dai allon ƙarami ne ƙwarai. A ƙwayar Cortex-A53, wadda ke cikin furosesoshi irin su Helio A22 da Helio G35 na wayoyi masu sauƙin kuɗi, babban allon yana ɗaukar layi 512. Idan aka lissafa da shafin 4KB, 2MB ke nan kacal, a cikin RAM mai dubban MB.

Ranar da aka canza wa waya soket

Muddin komai yana inda aka ajiye shi, lafiya lau. Rigima tana farawa ne idan mai shago ya cire waya mai lamba 17 daga soket na uku ya saka wata. Ya gyara littafi, amma yaran shago har yanzu tsohon wurin ke kansu. Idan bai sanar da su ba, wani zai zo da katinsa a miƙa masa wayar wani. A shago wannan faɗa ne da biyan diyya. A cikin waya kuwa, manhaja ce za ta karanta bayanan wata manhajar, ko ta rubuta a kansu.

Don haka doka ce: duk lokacin da kanel ya ƙwace shafi ko ya canza masa wuri, dole a goge tsohon layin daga allon kowace ƙwaya da ke iya riƙe da shi. Wannan shi ne wanke allo. Kuma kuɗinsa biyu ne. Na farko, ƙwayar da ta ba da umurnin sai ta tsaya ta jira tabbacin cewa kowa ya goge. Na biyu, wanda ya fi ɓuya, bayan an wanke sai an sake komawa babban littafi a cika allon da kaɗan-kaɗan, manhaja tana tafiyar hawainiya har a gama. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san wankewa ba ta da wuya, sake rubutun ne aiki.

A yawancin kwamfutoci masu furosesar Intel ko AMD, hanyar sanarwar ma ta fi tsada: ƙwaya ɗaya ce ke katse wa sauran aikinsu, kowacce ta ajiye abin da take yi ta goge nata allon. Furosesoshin ARM da ke cikin wayoyi sun fi sauƙi a nan, domin umurni ɗaya ne ke zagaya duk ƙwayoyin ba tare da an katse su ba. Amma jiran tabbacin yana nan, kuma waya mai ƙwayoyi 8 tana da allunan da za a jira har 8.

To yaushe waya ke yawan canza wa shafuka wuri? Lokacin da RAM ta cika. A nan ne labarin ya shafi mai waya mai 3GB ko 4GB fiye da kowa. Idan wuri ya ƙare, Android tana tattara shafukan da aka daɗe ba a taɓa ba, ta matse su a wani sashe na RAM da ake kira zram, wasu kuma ta zubar da su tunda akwai kwafinsu a ma'adanar waya. Kowane shafi da aka ƙwace sai an goge layinsa. Manhaja ɗaya da ke neman 200MB tana iya sa a ƙwace shafuka sama da 50,000.

Gaskiyar magana, wanke allo ba shi ne babban mai laifi ba. Matse shafuka, da sake karanto su daga ma'adana mai nauyi irin eMMC, sun fi shi cin lokaci nesa ba kusa ba. Shi haraji ne da ake biya a kan kowane shafi, kuma yana zuwa ne daidai lokacin da wayar ke cikin matsi.

Dabarun rage wanki

Dabara mafi tsufa ita ce a daina wanke allon gaba ɗaya. A da, duk lokacin da furosesa ta bar wata manhaja ta koma wata, sai a wanke komai, don kada layukan waccan su rikita wannan. Sai aka ce me zai hana a rubuta sunan mai shi a gefen kowane layi? A furosesoshin ARM ana kiran wannan alama ASID, kuma na zamani suna iya bambance alamomi har 65,536. Da ita, layukan WhatsApp da na Chrome suna zama a allo ɗaya ba tare da sun cakuɗa ba. Intel tana da irin tata mai suna PCID tun 2010, amma Linux bai fara cin moriyarta ba sai a sigar 4.14, a watan Nuwamban 2017.

Sa'a aka yi, domin a farkon Janairun 2018 aka bayyana wa duniya ɓarakar tsaro da ake kira Meltdown, wadda ke ba manhaja damar leƙa sirrin kanel. Maganin da aka samo shi ne a raba littafin biyu, na kanel daban, na manhaja daban. Hakan na nufin duk lokacin da manhaja ta nemi wani abu daga kanel, abin da ke faruwa dubban lokuta a daƙiƙa, sai an sauya littafi. A tsofaffin kwamfutocin da ba su da alamar, kowane sauyi wanki ne, kuma an ji a jika. Masu alamar sun tsira da asara kaɗan. Labarin bai tsaya a kwamfuta ba: kamfanin ARM ya lissafa ƙwayar Cortex-A75 cikin waɗanda ɓarakar ta shafa, kuma ita ce babbar ƙwaya a Helio G85 da Unisoc T606, furosesoshin da suka cika wayoyin da ake sayarwa a PZ ta Zariya da Farm Centre ta Kano. Albarkacin ASID ne masu waɗannan wayoyi ba sa biyan cikakken kuɗin kariyar.

Dabara ta biyu ita ce tarawa. Maimakon mai shago ya tsayar da yara a kan kowace waya ɗaya da ya matsar, sai ya matsar da ashirin sannan ya jira amsarsu sau ɗaya. Kwamfutoci sun samu wannan a Linux tun 2015. Furosesoshin waya sai a sigar 6.6, a 2023, ta hannun injiniyoyi irin su Barry Song na kamfanin Oppo da Yicong Yang na HiSilicon. Ba abin mamaki ba ne da aikin ya fito daga masu ƙera waya, su ne ke ganin yadda ƙwace shafuka ke cinye lokaci a wayar da ta cika. Kafin nan, a 2020, Linux 5.9 ya koyi amfani da wani sabon umurni na ARM da ke goge jerin shafuka a bugu ɗaya, sai dai furosesoshin da aka gina bisa tsarin ARMv8.4 zuwa sama ne suke da shi, su A53 da A75 ba su ciki. Ko AMD ma ta bi sahun ARM wajen aika sanarwa ba tare da katse ƙwayoyi ba, kuma Linux ya fara amfani da wannan a sigar 6.15, a 2025, aikin Rik van Riel na kamfanin Meta.

Ta uku ita ce wadda za a fi jin labarinta nan gaba: a ƙara girman shafi. Idan shafi ya koma 16KB, allon nan mai layi 512 zai rufe 8MB maimakon 2MB, kuma shafukan da za a ƙwace don samar da wuri sun ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Wayoyin iPhone sun daɗe a kan 16KB. Google ta buɗe wannan ƙofa a Android 15, ta fara gwadawa a Pixel 8, sannan ta sanya 1 ga Nuwamba 2025 a matsayin ranar da sababbin manhajojin Play Store da aka tsara don Android 15 za su fara dacewa da shi. A gwajin da kamfanin ya wallafa, saurin aiki ya ƙaru da kashi 5 zuwa 10 cikin 100, amma RAM da ake ci ta ƙaru da kusan kashi 9.

Wannan kashi 9 ɗin abin dubawa ne. Ga mai 12GB ba komai ba ne. Ga ɗalibin Nuhu Bamalli ko na Kongo da ke lallaɓa 3GB, wurin manhaja guda ne ya tafi. Babban shafi yana barin ɓarna, tamkar a ba mai cajin ɗan ƙaramin abin kunne teburi guda. Da wuya masu ƙera wayoyi masu araha su yi gaggawar komawa kansa, kuma ba za a ga laifinsu ba.

Abin da ke hannun mai waya

Babu maɓallin da mutum zai danna ya gyara TLB, kuma duk manhajar da ta yi alƙawarin haka ƙarya take yi. Amma fahimtar lamarin tana warware wasu abubuwa da ake ruɗar masu saye da su.

Babba a ciki shi ne rubutun nan na kan kwali, 4GB+4GB ko 8GB+8GB. Tecno da Infinix suna kiransa Memory Fusion ko MemFusion, Samsung kuma RAM Plus. Lamba ta biyun ba RAM ba ce. Wuri ne na jibge shafukan da aka ƙwace, kuma kowane shafi da ya tafi can ko ya dawo sai an gyara littafi, a tafiyar kuma sai an goge layinsa. Yana taimaka wa manhajoji su daɗe a buɗe ba a kashe su ba, wannan gaskiya ne, amma ba ya ƙara wa waya sauri. Idan kuɗi ya kai, waya mai 6GB na gaske ta fi mai 4GB+4GB, ko da mai shago ya rantse cewa takwas ta fi shida.

Sai manhajojin share RAM, masu hoton tsintsiya ko roka. Abin da suke yi shi ne kashe manhajojin da ke jira a baya. Da mutum ya sake buɗe su, sai kanel ya gina musu sabon littafi daga farko, ya karanto komai daga ma'adana, allo kuma ya fara cika daga sifili. Batir ne ke biya, kuma a unguwar da caji kuɗi ne, aljihu ne ke biya. Google da kanta ta toshe wannan hanya: daga Android 14, manhaja ba ta iya kashe ayyukan bayan fage na wata manhajar, sai nata kawai.

Akwai kuma lambar da kusan babu mai dubawa a wurin saye. A cikin Settings, ƙarƙashin About phone, wurin Android version, akwai layin Kernel version. Lambar Android da ta kanel ba ɗaya ba ce. Waya tana iya samun sabuntawa zuwa sabuwar Android amma ta ci gaba da zama a kan tsohon kanel irin 4.19 ko 5.10, domin kamfanoni ba su cika sauya shi ba bayan waya ta fito kasuwa. Wani lokaci suna ɗauko gyare-gyare daga sabo su dasa a tsoho, amma ba wanda ke rubuta hakan a kwali. Wanda ya ga 6.6 ko sama da haka ya san dabarar tarawa tana ciki. Idan wayoyi biyu sun zo da RAM ɗaya da farashi kusan ɗaya, duba wannan layin ba ya wuce minti guda, kuma ana iya yi tun wayar tana hannun mai shago.