Fataucin kakanninmu ya zama darasi a manyan jami'o'in duniya

Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu na ɗaukar jami'a a matsayin wurin koyon aikin likita ko lauya kawai. Amma akwai wani fanni da ake kira nazarin al'adu da adabi, inda ɗalibi kan shafe shekara uku ko huɗu yana bin diddigin yadda wata al'umma take rayuwa, da abin da ta rubuta, da abin da ya sa take kiran kanta da sunan da take kira, har ya samu digirin digirgir. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, fatake da zangonsu na cikin abubuwan da aka fi nazari a wannan fanni game da Afirka ta Yamma.

Mu fara da Alhaji Umaru na Salaga. An haife shi a Kano wajejen 1858, mahaifinsa bafatake ne mai safarar goro. Ya yi karatu yana bin ayari, ya zauna a Salaga ta ƙasar Gwanja, daga baya ya koma Kete-Krachi a Gana ta yanzu, inda ya yi limanci har ya rasu a 1934. Ya rubuta waƙoƙi da Larabci da Hausa, ya kuma rubuta wa wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich bayanin ƙasar Hausa da ajami: sana'o'i, kasuwanni, sarauta da tarihin garuruwa. Waɗannan takardu sun tafi Turai. A 1973 Douglas Ferguson ya samu digirin digirgir a jami'ar Kalifoniya da ke Amurka da fassarar wani sashe nasu, sannan a 2000 Farfesa Stanislaw Pilaszewicz na jami'ar Waso a ƙasar Polan ya buga wani sashen a littafi. Ɗan bafatake ke nan, ga shi ana karanta shi a inda bai taɓa sa ƙafa ba.

Masanan ba labarin ciniki kawai suke nema ba. Babbar tambayarsu ita ce: me ke sa mutum ya zama Bahaushe? Paul Lovejoy ya fitar da littafi a 1980 kan fataucin goro tsakanin 1700 da 1900. Ya nuna cewa manyan fataken goro, wato Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari, kakanninsu sun zo ne daga wajen ƙasar Hausa, wasu daga ƙasar Buzaye, wasu daga Barno. Harshe da addini da sana'a ne suka mayar da su Hausawa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, daga cikin Agalawan ya fito.

Shi kuwa Abner Cohen unguwar Sabo ta Badun ya zauna, littafinsa ya fito a 1969. Ya lura da yadda maigida ke saukar da baƙo, ya ajiye masa dukiya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan mahauta sun ɗauki shanu bashi, duk ba tare da banki ko kotu ba. A ganinsa, riƙe harshe da al'ada da zama unguwa ɗaya shi ne ya tsare wannan amana, amanar kuma ita ce jarin. Bayanin nasa ya zama ma'auni da masana ke gwada wasu al'ummomin 'yan kasuwa na duniya da shi.

A Nijar, Bafaranshe Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a 1986 kan Alhazan Maraɗi da cinikinsu na kan iyaka. Namu ma ba a bar su a baya ba, domin Mahdi Adamu ya buga nasa littafin a Zariya a 1978, kan rawar da Hausawa suka taka a tarihin Afirka ta Yamma.

To, ina ruwan mai rumfa da duk wannan? Ruwansa shi ne, abin da aka yi waɗannan littattafai da shi daga gidajen irinsa ya fito: wasiƙun ajami, kundin bashi, takardun gado, da bakin dattawa. Wasiƙa guda da kaka ya aiko daga Kumasi tana iya nuna farashin kaya, da hanyar da ayari ya bi, da wanda aka amince wa da kuɗi. Yau kuwa ciniki ya koma wayar salula. Saƙon murya na WhatsApp yakan tafi tare da wayar in ta ɓace, takardun cikin adaka kuma gara da ɗigar damina na cinye su, wasu magada ma kan ƙone su don ba su iya karanta ajami ba.

Akwai wuraren da za a iya kai su. Cibiyar binciken kimiyyar ɗan Adam ta jami'ar Abdou Moumouni a Yamai tana ajiye da dubban rubuce-rubucen Larabci da ajami, aikin da marigayi Boubou Hama ya assasa. A jami'ar Gana da ke Legon, tun shekarun 1960 aka riƙa aron takardu daga hannun malamai, a ɗauki hotonsu, a mayar wa masu su. Wanda ba ya son rabuwa da takardun gidansu, ya ɗauki hoton kowane shafi da waya, ya raba wa 'yan uwa, ya naɗe na asalin a wuri busasshe. Dattijon da ya san tsohuwar hanya kuma a zauna da shi a naɗi muryarsa tun yana da rai.

Sannan idan yaro ya ce Hausa ko tarihi zai karanta a Yamai ko a jami'ar Bayero ta Kano, kada a yi masa dariya. Baƙi sun yi nasu ƙoƙarin, amma ɗan gida ya fi su sanin abin da maigida yake nufi idan ya ce wa mai shanu: "Na tsaya masa."